Abin da Rawiya Ta Rera a Sukhna

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yau ma cokali ta buga a jikin kofi. Ma'ana shayi ya yi. Na ji sarai, na yi kamar ban ji ba, ko Allah zai sa ta manta da dokar likita ta kira ni da baki. Ba ta manta ba.

Tun da muka yi aure, in na kulle kaina a ɗakin tacewa, daga kicin Rawiya take rero min wata 'yar waƙar tsokana da ta ƙirƙira da kanta: "Almakashi, Almakashi, yanke-yanken ya isa, shayinka ya huce, matarka ta tsufa." Ustaz Almakashi take ce min, wai ba ni da aiki a duniya sai yanka hotunan mutane ina liƙawa. Ba ta yi ƙarya ba. Bidiyon waƙa nake tacewa tun gashina na baƙi, har da nata duka. Waƙar shayin nan ba ta cikin wani faifai. Daga ni sai maƙwabciyarmu ta sama, mai kunnen tsiya, muka santa. Na sha ce mata ta bari, tana raba min hankali.

An sa ranar yi mata tiyata a maƙogwaro, ashirin ga wata. Likita ya ce kafin nan ta adana muryarta, kada ta yi magana sai dole. Da na tambaye shi bayan nan fa, sai ya shiga gyara takardun da ke gabansa.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da hantsi

Ustaz Ra'afat ya zo, mai kamfanin da ke fitar da waƙoƙinta. Ya shigo da farantin kayan zaƙi, basbusa, da turarensa mai hawa kai. In ka ga Ra'afat ya hau benen nan namu na unguwar Shubra a Alƙahira da ƙafarsa, to akwai abin da yake so.

"Ustaz Fikri, ka ga abin da ake rubutawa kuwa? Wai Madam Rawiya ta daina waƙa. Wai an gan ta a asibiti. Jiya wata ta rubuta Allah ya jiƙanta!"

"To sai me?"

"Sai mu rufe musu baki. Waƙar da ta yi bara tana nan a ajiye, murya garau. Bidiyo kawai ya rage. Wuni ɗaya a Sukhna, bakin teku, shi kenan."

Na ce matar da aka hana magana ce za ta yi waƙa?

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Ustaz, ni za ka yi wa wannan? Wa ya taɓa yin waƙa a wurin ɗaukar bidiyo? Lasifika ce za ta yi waƙa, ita baki kawai za ta motsa. Kai da ka tsufa kana daidaita leɓe da murya?"

Na juya wajen Rawiya don ta kore shi. Tana zaune da kofin yansun ɗinta, ruwan da take sha saboda maƙogwaro. Ta ajiye kofin, ta ce da wannan muryar da ta koma kamar ana jan tsintsiya a siminti, "Zan yi."

Magana ta farko kenan da na ji daga bakinta tun ranar Juma'a, kuma Ra'afat ta yi wa.

Talata, 5 ga Nuwamba, da safe

Ban ci basbusar ba. Ta bai wa mai gadi.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

An aiko min da tsarin bidiyon. Da ban karanta ba ma zan iya faɗinsa daga kaina. Riga uku: ja ta fushi, baƙa ta rabuwa, fara ta ƙarshe. Fanka babba don gashi ya tashi. Teku. Labule yana kaɗawa a gidan da ba kowa. Sai saurayin haya, wani dogon yaro da za a sa ya yi ta tafiya a yashi yana waige, ba a nuna fuskarsa sosai don kada ya ƙwace wa mai waƙa ido. Duk inda amshi ya zo, kyamara ta matso, ita kuma ta dubi cikin gilashin kai tsaye. Wannan kallon shi ne sana'ar gaba ɗaya. Direban tasi a unguwar Imbaba da attajiri a Jidda, kowa ya ji shi ake kallo.

Masu rubutu a jarida suna son su ce bidiyon waƙa labari ne. Wane labari? Talla ce. Ana nuna fuska ne don masu biki su tuna da ita, masu shirya wasa su ɗaga waya. Ba a tsufa a ciki, ba a gumi, ba a tari. In mawaƙiya ta haɗiye yawu ni ne nake yanke wurin. Na taɓa cire wa wata mura gaba ɗaya, ba wanda ya gane. A da ina alfahari da wannan.

Yanzu an ce in yi wa matata. In nuna wa duniya lafiyarta ƙalau.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da magariba

Mun yi faɗa. Ko in ce ni na yi, ita tana kallona.

Ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin tacewa, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Ka zo Sukhna."

Na ce yaushe mai tacewa ya fara zuwa wurin ɗauka? Mu a ɗaki ake kawo mana, kowa ya sani. Na ce iskar teku a Nuwamba, ga fanka, ga yashi, ga riga mara wuya, duk a kan maƙogwaron da likita ya ce a lallaɓa. Na ce in tana son ta ƙarasa kanta don Ra'afat ya ji daɗi, ba da idona ba. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba.

Ta bari na gama tas. Ta ce, "Ba don aiki ba, Fikri."

Na mayar da fuskata kan kwamfuta. Na ji takunta ta koma kicin. Tsoro nake ji, wallahi tsoro ne, amma da ya zo bakina sai ya fito a faɗa.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Na kira daraktan, wani ɗan Beirut mai ɗan kunne, Basil. Tun da ba zan iya hanawa ba, na ce bari in sauƙaƙa mata. Na ce ya ɗauki komai da tafiyar hawainiya, daga farko har ƙarshe. Haka ake yi: a saki waƙar da sauri ninki biyu, mawaƙiya ta bi da baki tana sauri kamar mai rigima a kasuwa, in an zo tacewa a rage gudun, sai bakin ya dace da waƙar, gashi da riga kuma su riƙa yawo a hankali kamar a mafarki. Gajiya ba ta fitowa a irin wannan hoton. Ko rawar hannu ma kyau take yi.

Ya ce, "Ustaz, ka san dai in na sa kyamara a wannan gudun ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan."

Na ce, "Ɗana, sautin me? Na fanka?"

Muka yi dariya ni da shi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da la'asar

Tela ya kawo rigunan. Farar ta yi mata yawa, sai da aka rage.

Talata, 12 ga Nuwamba, da azahar

Sun tafi tun da asuba, ita da yayarta, Abla Tahani, wadda ke riƙe mata kaya. Ina kwance na ji tana neman ɗankwalinta na ulu. Na san inda yake, a bayan kujera. Na yi kamar ina barci.

Na kira wayarta, a kashe. Na kira ta Abla Tahani, a kashe. Sai na tuna: Ra'afat yana karɓe wayar kowa a bakin ƙofa ya zuba a kwali, daga darakta har mai dafa shayi, don kada hoto ya fita kafin lokaci. Bana kuwa ai sai abin da ya ƙaru.

Gidan shiru. Na haɗa wa kaina shayi, na manta da shi a kan tebur.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da hantsi

Ta dawo, amma yau ko raɗar nan babu. Ta buɗe baki da safe za ta amsa sallamar yayarta, ba abin da ya fito. Ta shige ɗaki.

Abla Tahani ta same ni a kicin tana jiƙa ganyen mulukiya na miya. Ba ta taɓa sona ba, kuma ba ta ɓoyewa.

"Kai dai Fikri an yi asararre. Mutum ya zauna a gida kamar tsohuwar kujera, matarsa na can."

"Abla, me ya faru da muryarta?"

"Waƙa ta yi."

Na ce wace irin waƙa, ba lasifika aka kai ba?

"Janareta ne ya mutu. Ana ɗauka ta ƙarshe, rana na shirin faɗuwa, tana tsaye cikin ruwa da farar rigar. Lasifika ta ɗauke, fanka ta tsaya, kowa ya hau zagin mai janareta. Ita ko ba ta motsa ba. Ta dubi kyamarar nan, mai kyamarar bai kashe ba, kawai sai muka ji murya. Tata, ta gaske." Ta share ido da bayan hannu. "A dishe take, tana karyewa, amma wallahi har ɗan iskan yaron nan na haya sai da ya tsaya. Basil ya cire hularsa."

"Me ta rera?"

"Ina na sani? Ina can wajen mota da jakar kwalliya, ga ƙarar teku. Ba dai waƙar Ra'afat ba ce. Gajeriya ce, har tana murmushi. Da ka je ai da ka ji da kunnenka."

Na shiga ɗaki na tambayi Rawiya. Ta ɗaga kafaɗa, ta juya wajen bango.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan masallaci

Gobe za a kawo hotunan. Na san abin da zan tarar. Na sani tun Abla Tahani ba ta rufe baki ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da la'asar

An kawo. Ban bi ta kan ja da baƙa ba, na tafi kai tsaye ɗauka ta ƙarshe.

Ga ta cikin ruwa zuwa gwiwa, bakinta na gudu yana bin lasifika. Sai gashinta ya sauko a hankali ya kwanta, nan ne fanka ta mutu. Ta ɗan tsaya. Ta dubi gilashin. Na tace irin kallon nan sau ba adadi, na san na sana'a, na san yadda take karkata haɓa don hasken ya faɗa mata daidai. Wannan ba shi ba ne.

Layin sauti a ƙasan hoton miƙe yake kamar zare. Babu komai. Na ƙara ƙarar har ƙarshe kamar wawa.

Na mayar da hoton gudunsa na gaskiya. Aikina kenan karanta leɓe, ban kai ƙarshen kalmar farko ba na gane. Na kashe kwamfutar.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Na kira Basil. Na ce ko akwai wata ƙaramar kyamara a gefe, ko wani ya ɗauki bayan fage.

"Ustaz, Ra'afat ya hana. Kuma ai kai ka ce..."

Na ce na san abin da na ce.

Na kira mai kyamara, na kira mai haske, na kira mai kwalliya. Har lambar saurayin hayar na nema, ya ɗauka yana cewa "Na'am, Basha?" yana zaton aiki zan ba shi. Kowa amsa ɗaya: waya tana cikin kwali. Mutum wajen arba'in, sana'arsu kenan ɗaukar abu su adana, ga kayan aiki cike da mota biyu, an rasa wanda ya kama ko numfashi ɗaya. Dukkansu sun ji. Mai dafa shayi ma ya ji.

Talata, 19 ga Nuwamba, da magariba

Ta haɗa jakar asibiti. Ta sa madubi da man shafawa da silifas. Ta ɗauki kwalin yansun, ta dube shi, ta mayar.

Na so in ce mata na gani. Na tsaya a ƙofa na ce, "Kin sa caja?" Ta ɗaga kai, e.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da azahar

Sun shiga da ita ɗakin tiyata.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da safe

Alhamdu lillahi, ta farka. Likita ya ce sun cire abin da suka je cirewa, kuma ya fi yadda suka zata. Ya faɗi wasu kalmomi, Abla Tahani ta rubuta, ni ban riƙe ba. Na sake yi masa tambayata. Wannan karon ya dube ni, ya ce, "Ustaz Fikri, mu gode wa Allah da rai tukuna."

Na gode. Wallahi na gode. Amma na fita baranda na yi kuka kamar yaro, har wata mai shara ta miƙo min ruwa.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da la'asar

Ra'afat ya aiko da furanni da suka fi ƙarfin ɗakin, sannan ya kira.

"Ya jikin Madam? Allah ya ƙara sauƙi. Ustaz, ɗaukar nan ta ruwa, Basil ya ba ni labari. Ita ce ran bidiyon. Ka ɗora ta a amshin ƙarshe."

Na ce bakin bai dace da waƙar ba.

"To kai meye aikinka? Ka yanka zuwa teku, ka dawo kan idonta, ka ja nan ka rage can. Kai da ka taɓa sa wata ta rera baitin da ba ta ma haddace ba!"

Gaskiyarsa, zan iya. Kafin ya ajiye waya ma na riga na ga inda zan yanka, hannuna ya san hanya. Sai a ɗora mata muryar bara mai sheƙi, kallon nan ya zama na direban tasi da attajirin Jidda.

Na ce masa ɗaukar ta lalace, yashi ya shiga kyamara. Ya yi ta salati yana zagin Basil. Allah ya yafe min, yaron bai yi komai ba.

Talata, 26 ga Nuwamba, da hantsi

Ina tacewa da safe, ina asibiti da rana. Ja, baƙa, fara. Fanka, labule, yaro yana waige. Inda ta haɗiye yawu da ƙyar, na yanke. Inda ta kai hannu wuya, na yanke. Akwai su da yawa.

An ba ta allo da alli a asibiti ta riƙa rubutu. Ta tura shi ƙarƙashin gado.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, da azahar

An sallame mu. Ta hau benen tana hutawa a kowane hawa. Maƙwabciyarmu ta sama ta leƙo ta ce, "Sannu Madam, gidan ya yi shiru da ba kya nan." Sai ta kama bakinta.

Asabar, 30 ga Nuwamba, da la'asar

Bidiyon ya fita. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa yin aiki mai tsabta kamarsa ba. Abla Tahani ta zauna tana karanto mana abin da mutane ke rubutawa. "Murya tana nan daram." "Ina masu cewa ba ta da lafiya? Ku ji kunya." "Kamar 'yar shekara ashirin." Wani malamin jami'a ma har ya yi dogon sharhi, wai farar riga da teku alamar sabuwar rayuwa ce.

A shagon abinci na mai kushari da ke ƙasan gidanmu sun saka waƙar, tana hawowa ta taga. Rawiya na zaune da ɗankwalin ulu a wuya tana jin kanta. Ta yi wa yayarta alama ta rufe tagar.

Lahadi, 1 ga Disamba, da safe

Ko cokalin ma ta daina bugawa. Ni nake haɗa shayin yanzu, ba ya daɗi.

Litinin, 2 ga Disamba, bayan la'asar

Na kai kofi biyu ɗakin tacewa bisa kuskure, na saba ɗaukar nawa kawai. Ina juyowa na gan ta a ƙofa. Ta shigo ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta nuna kwamfutar, ta yi alamar igiyar ruwa da hannu.

Na ce, "Na gaya wa Ra'afat ta lalace."

Ta yi min kallon da take min in na ce na daina shan taba. Na buɗe.

Muka zauna muna kallo. Gashin ya sauko, ta dubi gilashin, leɓɓanta suka fara. Ba abin da ake ji sai ƙugin kwamfuta. Na ga ta matso da kunnenta kaɗan. Sai a lokacin na gane ba ta sani ba. Duk kwanakin nan tana zaton na ji. Tana zaton ta aiko min, ya iso, ni ne ban ce komai ba.

Na ce, "Babu sauti, Rawiya. Ni na ce a ɗauka haka. Ban ji ba."

Ta daɗe tana kallona. Ban san me ke fuskarta ba, ni da nake cin abinci da karanta fuska. Ta miƙa hannu ta mayar da hoton farko da kanta. Ta nuna bakin da ke cikin hoton, ta nuna nawa.

Na ce haba, ni? Muryata ko a masallaci mutane matsawa suke yi. Ta sake nunawa.

Na rera. "Almakashi, Almakashi, yanke-yanken ya isa." Na makara, bakinta ya riga ni. Ta daki gwiwata, ta mayar. Na sake, ta shiga buga min lokaci da yatsa a gwiwa. Na wuce "shayinka ya huce" lafiya. Da na zo "matarka ta tsufa" na hau sama inda ya kamata in sauko, kullum a nan take saukowa tana dariya, na sani, muryar ce ta ƙi. Ta girgiza kai da sauri, ta manta, ta buɗe baki za ta gyara min.

Iska ce kawai ta fito.

Ta rufe bakin. Hannunta na nan a gwiwata, bai ƙara bugawa ba. A cikin hoton tana ta murmushi, ruwa na dukan rigarta, har janareta ya tashi gashinta ya sake tashi sama.

Shayin ya huce a gabanmu, kofi biyu. Ba wanda ya faɗa.